Ƙofar Ɗakin Tsohuwa: A Rufe Ko A Buɗe?

'Yan'uwana, ga shi damina ta ja baya, kaka ta shigo, nan da 'yan makonni kuma iskar hunturu za ta taso ɗauke da ƙura da sanyi. Kowa ya san abin da wannan lokaci ke kawowa gidajenmu: mura da tari da ciwon haƙarƙari, waɗanda yaro kan yi kwana uku da su ya miƙe ya koma wasa, amma sukan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi. Saboda haka na ga ya dace mu yi nazarin wata tambaya tun lokacin bai riske mu ba. Idan cutar numfashi ta shigo gari, me ƙauna ke bukata daga gare mu game da tsofaffinmu? Mu rufe musu ƙofa domin mu tsare ransu, ko mu bar ta a buɗe domin kada kaɗaici ya kashe su?

A cikin dangina wannan tambaya ta same ni. Ina da gwaggo, yayar mahaifina, wadda aure ya kai ta wani ƙauye kusa da Wagini a ƙasar Batsari, ta zauna can fiye da shekara 50. A 2019, da hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu suka tsananta a ƙauyukan Batsari da Safana, iyalinta suka kwashe 'yan komatsansu suka koma cikin garin Batsari. Wani bawan Allah ya ba su aron ɗakuna biyu da zaure. Maza suka kwana a zaure, mata da yara suka ɗauki ɗaki ɗaya, ɗayan kuma aka haɗa tsofaffi uku a ciki: Gwaggo, da kishiyarta, da wata maƙwabciyarsu wadda ba ta da kowa. Ɗakin ba shi da taga, sai wata 'yar kafa kusa da rufi wadda aka toshe da tsumma.

A watan Afrilu na 2020, da labarin mace-macen Kano ya cika rediyo, babban ɗanta ya hana kowa shiga ɗakin. Aka kori jikoki, aka sallami masu gaisuwa, tuwo kuwa sai a ajiye a bakin ƙofa a juya. Bayan mako uku Gwaggo ta daina cin abinci. Ya kira ni a waya ya miƙa mata. Na ce, "Gwaggo, an ce kun ƙi abinci. Lafiya dai?" Ta ce, "Ɗan nan, wanda aka riga aka binne me zai yi da tuwo? Ka gaya wa yayanka, in ya gaji da ni ya zo ya faɗa mini da bakinsa." A ranar ya buɗe ƙofar, yana hawaye.

Da hunturun wannan shekara ya zo, kishiyar Gwaggo ta dawo daga wani suna da tari. 'Yan dubiya suka cika ɗakin safe da yamma, an saki asabari, ga kaskon wuta a tsakiya. Kafin mako ya zagayo su uku duk sun kwanta. Daren da numfashin kishiyar ya fara sarƙewa babu kuɗi a hannu, babu kuma mai abin hawa da zai fito cikin dare a irin wannan hali na tsaro. Kafin gari ya waye ta cika. Bayan an yi jana'iza yayana ya ja ni gefe ya ce, "Fada, na rufe an ce na yi rashin tausayi, na buɗe ga abin da ya faru. To, wanne ne daidai?" A ranar ban iya ba shi amsa ba. Abin da zan rubuta a nan shi ne amsar da na daɗe ina tattarawa.

Mu Ma Muna Da Gidajen Tsofaffi

Sau da yawa mukan yi alfahari cewa gidan tsofaffi abin Turawa ne, Bahaushe ba ya kai uwarsa ajiya. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma ya kamata mu san cewa daga jinƙai irin waɗannan gidaje da yawa suka samo asali. A 1839, a garin Saint-Servan na ƙasar Faransa, wata mata mai suna Jeanne Jugan ta ɗauko wata tsohuwa makauniya wadda ba ta da mai kula da ita, ta kai ta ɗakinta, ta bar mata gadonta. Daga nan ƙungiyar sistoci masu hidimar tsofaffi matalauta ta tsiro, ta bazu ƙasashe da dama, har tana da gida a Inugu. Sai dai tara raunana a ƙarƙashin rufi ɗaya yana tafe da hatsarinsa, shekarar 2020 kuwa ta nuna wa duniya girman wannan hatsari.

A garin Kirkland na jihar Washington a Amurka, korona ta shiga gidan tsofaffi guda ɗaya a watan Fabrairu na 2020, cikin 'yan makonni ta kashe fiye da mutum 30. A ƙasar Sifen, sojojin da aka tura feshin magani a watan Maris sun tarar da tsofaffi an gudu an bar su, wasu ma sun mutu a kan gadajensu. A Ingila an riƙa sallamar tsofaffi daga asibiti zuwa gidajen kula ba tare da gwaji ba, har a watan Afrilu na 2022 babbar kotu ta yanke cewa wannan tsari ya saɓa wa doka. A Kanada kuwa, kusan 8 cikin kowane mutum 10 da cutar ta kashe a watannin farko mazauna irin waɗannan gidaje ne. Da hukumomi suka firgita sai suka hana ziyara gaba ɗaya, tsofaffi masu yawa suka rasu ba su sake ganin fuskar 'ya'yansu ba. Watau abin da ya faru a ɗakin Gwaggo shi ne ya faru a ƙasashen da suka fi mu kuɗi da likitoci.

Kada kuma mu ɗauka zaman gida katanga ce. A watan Yuni na 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken mace-macen Kano: mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana danganta mutuwarsu da korona, yawancinsu sun haura shekara 65, fiye da rabi kuma a gida suka rasu. Kakanninmu ma sun ga irin wannan. Annobar Marisuwa ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na 1918, ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, masana tarihi kuma suna ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona a watan Mayu na 2023, amma cututtukan numfashi ba su yi ƙaura ba, kowane hunturu suna dawowa.

Bugu da ƙari, zamani ya gina mana gidajen tsofaffi ba tare da mun sa musu suna ba. Gudun hijira ya tara tsofaffi a ɗakunan aro da azuzuwan makaranta. Samari sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Legas, sun bar iyaye da kakanni a gida. Duk ɗakin da tsofaffi biyu ko uku ke kwana a ciki ƙaramin gidan tsofaffi ne, yana kuma bukatar irin shirin da babba ke bukata.

Haƙƙi Biyu A Kan Ƙofa Ɗaya

Mai cewa a rufe yana da hujja mai ƙarfi. Waɗannan cututtuka a cikin numfashi suke tafiya. Duk wanda ya taɓa kunna turaren wuta a ɗaki rufaffe ya san yadda hayaƙin ke cika ko'ina ya daɗe bai fita ba, alhali a tsakar gida nan da nan iska ke kwashe shi. Haka numfashin mai mura yake, sai dai ido ba ya ganinsa. Mutum yana iya ɗauke da cutar yana yaɗa ta tun bai fara jin komai a jikinsa ba. Huhun tsoho kuwa ya gaji, garkuwar jikinsa ta yi rauni, sau da yawa ga hawan jini ko ciwon suga. Saboda haka mai dubiya yana iya shigowa da goro a hannu da ajali a baki. Kyakkyawar niyya tana wanke wanda bai sani ba, amma ba ta wanke wanda aka sanar da shi ya yi kunnen ƙashi.

Mai cewa a buɗe shi ma yana da tasa hujjar. Ɗan'adam ya wuce numfashi da bugun zuciya. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, gonarsa ta koma hannun wasu, abin da ya rage masa na shaidar cewa har yanzu shi mutum ne a cikin mutane shi ne sallamar safe, da jikan da zai zauna masa a ƙafa, da wanda zai nemi shawararsa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. In an ɗauke ƙafa, tsoho yakan rage ci da sha, tunaninsa ya rikice, in ciwo ya kama shi kuma babu idon da zai lura da wuri. Ashe keɓewa ma tana taɓa jiki, ba zuciya kaɗai ba. Akwai kuma abin da ya kamata kowa ya tambayi lamirinsa: kwanon tuwon da na ajiye a bakin ƙofa na juya, wa nake tsarewa da shi, tsohuwar ko kaina? Tsoro ya iya sa rigar taka-tsantsan har mai shi ya kasa gane shi.

To, tun da kowane ɓangare yana da gaskiya, ina mafita? Abin da na fahimta shi ne, yayana bai yi kuskure domin ya zaɓi rufewa ko buɗewa ba. Kuskurenmu, mu duka har da ni, ya riga waɗannan ranaku biyu. Ranar da aka sa tsofaffi uku a ɗaki marar taga, aka yi shekara guda ba wanda ya ɗauki magirbi ya huda bango, ba wanda ya ajiye kuɗin mota, ba wanda ya zauna da su ya ji ra'ayinsu, a ranar ne muka ƙulla igiyar da ta shaƙe mu daga baya. Da annoba ta zo, zaɓi biyu kawai suka rage, kowanne kuwa mugu ne.

Malaman ɗabi'a sun daɗe da ganin wannan. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya lissafa hangen nesa a cikin sassan hikimar aikata daidai, har ya ɗauke shi mafi girma a cikinsu. Bahaushe ya taƙaita maganar da cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Manomin Wagini ba ya jira sai gero ya iso gida kafin ya gyara rumbu. Mun saba auna laifi da abin da hannu ya aikata, mukan manta da laifin abin da ya kamata a yi aka bari. Doka ta huɗu, wadda ta umarce mu da girmama iyaye, ba ta ƙare a durƙusawa wajen gaisuwa da yanka sa ranar makoki ba. Huda taga a watan Oktoba yana cikinta.

Uzuri Uku

Na sha jin uzuri uku idan na yi wannan magana. Na farko, wai ajali in ya zo babu makawa, shiri kuma alamar ƙarancin dogara ga Allah ne. Haƙiƙa rai a hannun Allah yake. Amma mai wannan magana yana kulle ƙofarsa da dare, yana ɗaure akuyarsa, yana sa wa gonarsa taki. Me ya sa sai a kan ran tsohuwa dogararsa ke hana shi motsi? Wanda ya ba da rai shi ya ba da hankalin tsare shi.

Na biyu, wai talauci. Ba na raina wannan, musamman ga waɗanda aka raba da gonakinsu da dabbobinsu. Alhakin samar da tsaro, da asibiti mai iskar oksijin da ma'aikata, yana kan hukuma, kuma wajibi ne mu ci gaba da nemansa da babbar murya. Amma yawancin abin da ke tsare tsoho daga cutar numfashi ba ya cin kuɗi mai yawa: iska, da sabulu, da tsari, da ido mai lura.

Na uku ba a cika furta shi ba, a zuci yake zama: wai sun riga sun ci zamaninsu, gara a kashe ɗan abin da ake da shi a kan yara. Gaskiya ne uba yakan shiga tsaka mai wuya in kuɗin magani ɗaya ne majinyata biyu. Amma in muka yarda cewa darajar mutum tana raguwa da raguwar amfaninsa, mun kafa ma'aunin da za a auna mu da shi nan gaba, yaran da ke kallonmu kuwa su ne za su riƙe ma'aunin.

A Tambayi Mai Ɗaki

Akwai abu ɗaya da aka manta a Batsari kamar yadda aka manta shi a Turai: ba wanda ya tambayi tsofaffin. An yanke hukunci a kansu kamar kayan ajiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon da hankalinsa ke tare da shi yana da haƙƙin a bayyana masa hatsarin a fili, a kuma ji abin da ya fi so. Wani zai ce a rage masa baƙi. Wata za ta ce ita kam ta fi son ganin jikokinta ko da hakan zai rage mata kwana, wannan kuma magana ce da ya kamata a saurara da girmamawa. Sai dai 'yancinta yana da iyaka in tana kwana ɗaki ɗaya da wasu, domin iskar da ta shaƙa ita za su shaƙa. Shi ya sa ya fi kyau a yi wannan zama tun ana lafiya, kowa ya faɗi nasa, a amince da ƙa'ida ɗaya. Abin da aka yarda da shi cikin natsuwa ba ya zama wulaƙanci ranar da aka zo aiki da shi.

Abin Da Za A Yi Kafin Hunturu

A fara da ɗakin. A huda taga, in da hali biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga. Sanyi a yaƙe shi da bargo da rigar sanyi da hula. Garwashi a ɗaki rufaffe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mai barci, hayaƙin itace kuma yana raunana huhu. In an ɗumama ɗaki a fitar da kaskon kafin a kwanta. A tanadi wurin da za a kwantar da wanda ya fara tari dabam da sauran, ko da rumfa ce aka kewaye da zana.

A mai da gaisuwa waje. A shimfiɗa wa tsoho tabarma a hantsi ko a inuwar bedi, masu gaisuwa su zauna ɗan nesa, a yi hira har a gaji. Mai mura ko tari ya aiko da gaisuwarsa, ko ya kira a waya, har ya warke. A ware wa tsoho moɗarsa da kwanonsa, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. In ciwo ya shigo, a tsai da mutum ɗaya mai lafiya wanda zai riƙa shiga, ya rufe hanci da baki da takunkumi, ya zauna ya ba da abinci da hannunsa, ya yi hira. Da haka ba za a sake ajiye kwano a bakin ƙofa ba.

A koyi alamun hatsari. Tsoho yana iya kamuwa da ciwon haƙarƙari ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. Abin da za a fara gani shi ne ƙin abinci, da yawan barci, da sambatu ko rikicewar tunani. Lafiyayyen babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In aka ƙirga ya kai 30, a kama hanyar asibiti nan take. Tun da tafiyar dare tana da hatsari a yankinmu, kada a jira dare. In an ga alama da hantsi a tafi da hantsi. Tarin da ya wuce mako 2 a kai shi gwajin tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa na wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati. A tambayi ma'aikacin lafiya game da allurar rigakafin da ta dace da tsoho, a kuma tabbata mai hawan jini ko suga bai yanke maganinsa ba.

Sauran aikin na jama'a ne. Ina roƙon katekis da Zumuntar Mata da matasa a kowace majami'a su rubuta sunayen tsofaffin unguwarsu, Kirista da Musulmi, musamman waɗanda gudun hijira ya kawo da waɗanda ba su da kowa, a san wa ke kula da wa. A buɗe ɗan asusu na kuɗin mota da magani, a kuma yi magana da mai abin hawa tun yanzu. A haɗa kai da mai unguwa da liman, domin tari ba ya tambayar addinin mutum kafin ya shiga ƙirjinsa. Marigayi Paparoma Fransis ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli domin kakanni da tsofaffi tun daga 2021. Gaisuwar da muka yi musu a Yuli, bari ta zama aiki a Oktoba.

Gwaggo ta tashi daga wancan ciwo. Da damina ta wuce yayana ya nemi izinin mai gidan, ya huda tagogi biyu a ɗakin, ya kafa rumfa a ƙofarsa. Da na kai mata ziyara na tarar da ita a rumfar tana ɓarar gyaɗa, jikoki na kewaye da ita, wani mai mura a cikinsu an zaunar da shi can gefe yana ba ta labari da ƙarfi. Na ce, "Gwaggo, yanzu kam kun samu iska." Ta ce, "Na samu, ɗan nan. Da an yi wannan bara, da mu uku ka tarar."

Allah ya ba mu idon da zai hango, da hannun da zai yi aiki tun da sauran lokaci. Ya jiƙan tsofaffinmu da suka riga mu, ya ƙara wa waɗanda ke tare da mu lafiya, ya kuma maido da zaman lafiya a Wagini da Batsari da Safana da ƙasarmu baki ɗaya. Amin.